Mun Mayar da Likkafanin da Aka Aiko wa Malam Barmo

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Jikokin Masu Saran Daji ta Jahar Maraɗi na sanar da jama'a rasuwar shugabanta kuma ubanta, Malam Barmo Ilyasu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tibiri, wanda ya cika ranar Talata a gidansa da ke Sabon Gari bayan gajeriyar jinya.

An haifi marigayin a Garin Ƙirya, kudu da Jiratawa, inda kakanninmu da aka kawo a ɗaure suka sare daji suka mai da shi gonaki. Bauta ta ƙare tun zamanin Nasara, amma duk kaka sai kowane magidanci ya ɗauki damin gero na farko a ka, ya kai ƙofar gidan da suka mallaki kakansa, alamar cewa gonar aro ce. A kakar da aka yi Babban Taron Ƙasa, Malam Barmo ya zuba daminsa a rumbunsa, gidaje arba'in suka bi sahu. Sau biyu jandarmomi na tsare shi, bai fasa ba. Shi ya shigar da ƙarar da ke gaban alƙali yanzu, ta neman a tabbatar mana da gonakin nan a matsayin diyyar gumin kakanninmu, ya kuma ci gaba da zarya zuwa kotu ko bayan da sojoji suka rushe majalisa aka hana taro.

Dole mu bayyana abin da ya ƙona mana rai. Tun gawa ba ta huce ba, mutanen gidan da suka mallaki kakan Malam suka aiko da likkafani. Kowa ya san al'adar: ubangida ke suturta bawansa, wanda ya suturta kuwa shi ke gado. Da an karɓa, da sun kafa hujja da shi a kotu. Mai ɗakinsa, Malama Tsahara, da hawaye a idonta ta naɗe musu abinsu ta mayar. An rufe Malam cikin farin saƙi na audugar da ya noma a gonar da suke cewa ba tasa ba ce.

Masu murnar cewa magana ta bi shi kabari, su sake lale. Ranar zaman kotu gidaje arba'in za su hallara, ba gudu ba ja da baya.

Muna miƙa ta'aziyya ga Malama Tsahara, da 'ya'yansa Kamilu da Ramatu, da ɗaukacin mutanen Garin Ƙirya. Allah Ya ba su haƙuri da juriya. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa Aljanna ce makomarsa, inda ba a tambayar kowa wa ya mallaki kakansa.

Tanimu Hamidu
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiya
Maraɗi, 14 ga Maris, 1996