An Haɗe Gundumarku da Tamu

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da ma ko kana raye cewa za ka yi rubutuna kamar kaza ta yi tono. To, yau dai ba ka da bakin ramawa.

Labari na kawo maka daga gida. An soke gundumarku ta Tungar Kanya. An haɗe ta da tamu, an kwashe ofis an mai da shi Dogon Marke, garin ubana. Yanzu duk ɗan garinku da ke son a buga masa hatimi a takarda, sai ya hau babur ya tafi ƙauyen nan da kake cewa jakai uku ne da rijiya ɗaya. Ka ga ikon Allah?

Ka tuna ranar da aka ba ku gunduma? Ka dawo daga Gusau cikin babbar riga ta aro, ka tsaya a tsakar gida ka sanar da ni cewa daga ranar ni talakarka ce ta fuska biyu: ta aure da ta gunduma. Na cika wa miya gishiri, na ce maka hannuna ne ya kuɓuce. Bai kuɓuce ba, Malam.

Allon ofis ɗin nan da ka ɗauka har Bungudu aka rubuta, amininka Malam Sani ne ya cire shi yana share hawaye. Matarsa na shanya kuɓewa a kai, ta ce bai taɓa amfani irin na bana ba.

Ga abin da ke cina. Bara da yayana ya zagayo da takardar neman a haɗe mu, na dangwala yatsa. Sau biyu ma: na dama nawa, na hagu a madadinka, tunda ba ka nan balle ka hana. Ka yafe mini.

Ranar da aka faɗa a rediyo na rangaɗa guɗa, na ruga zaure ko takalmi babu, in yi maka dariyar da na shekara ashirin ina tanadi. Sai da na ɗaga asabari na tuna. Na sake shi, na koma ciki.

Mun yi nasara, Malam, amma wa zan yi wa gori? Wallahi da za ka leƙo ka ce da ni 'yar ƙauye sau ɗaya, da kaina zan kinkimo muku ofishinku in dawo da shi.

Allah ya kai haske kabarinka. Sai na zo.

Taka har kullum,
Hajara, 'yar hedikwata