Fitilar Gargaɗi a Motar da Zan Ara wa Bello

Tambuwal, daren Talata, cikin watan Rajab

Godiya ta tabbata ga Allah a kan kowane hali.

Na yi wa ƙanena Bello alkawarin mota gobe, domin ya ɗauko matarsa Hajara daga Kebbe zuwa asibiti a Sakkwato. Sai dai tun Juma'a motar take kakkarwa tana mutuwa, kuma wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba.

Bayan azahar na kai ta wurin Sani bakanike. Da ya jona mata kwamfuta, ya ce laifin daga wata ƙaramar na'ura ne, mai auna hayaƙin da ake mayarwa cikin inji. Ya kwance ta, ya wanke baƙin da ya toshe ta. Muka fita gwaji, amma kafin mu kai garin Jabo fitilar ta dawo, injin ya sake mutuwa.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, na'urar ta lalace, sabuwa kuwa sai jibi. Bari in manna baƙin salatif bisa fitilar, haka mukan yi ma kowa."

Na ce, "Salatif ɗin zai hana motar mutuwa a dajin Kebbe da marar lafiya a ciki?"

Ya yi dariya. "A'a, Malam, hankalin direba kaɗai shika kwantarwa."

Na kira Bello na shaida masa halin da ake ciki. Ya ce za su nemi motar shata. Abin ya yi mini nauyi, amma motar a garejin Sani za ta kwana.

Allah Ya ba Hajara lafiya, Ya kiyaye duk wanda zai hau hanya gobe. Amin.