Rabin Waƙar da Na Kaɗa wa Baba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Allah ya sa kowa lafiya. Mu nan Gwarzo sai godiya, sai dai jikin Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ƙara furta kalma ba, sai jiya.

Yaya, na sauko da jitarka daga kan sif, wadda Baba ya hana ka kaɗawa a gidan nan. Dalili kuwa, Inna ta lura duk lokacin da aka sa waƙar soyayyar nan mai sanyi da ake yayi a rediyo, leɓensa yakan motsa. Sati uku ke nan ina zuwa Kabo wurin wani tela da ya iya kiɗan, yana nuna mini inda zan danne tsirkiya. Yatsuna duk sun yi kanta, amma rabin waƙar kawai na iya.

Jiya bayan la'asar na kaɗa masa. Da na tsaya sai ya dube ni, da ƙyar ya ce, "Ƙarasa." Inna ta saki kofin kunun da ke hannunta. Ni kuwa ban iya sauran ba.

Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Ƙarfinsa kullum raguwa yake, hannuna kuma ya ƙi sauri. Ka taya ni addu'a in koye ta tun yana iya jin ta. Ka gai da mutanen gidan duka. In za su ba ka hutu, don Allah kar ka jira Sallah.

Ƙaninka,
Sabi'u