Ƙarafan Gaba na Babur Ɗina

Litinin, 7 ga Maris

Shekara goma sha biyu ke nan ina faɗa, ba mai saurare: ƙanena Moos ne ya lanƙwasa mini gaban babur. Mai ƙafa uku, wanda nake zagaya shingen tumaki da shi a gonar nan ta yankin Karoo. Ya ara, ya kife, ya karya allon kafaɗa, ko "yi haƙuri" bai ce ba. Tun ranar ban taka ƙofarsa ba. Ban yi makaranta ba, marigayiya matata ce ta koya mini baƙi, amma na san haƙƙina.

Laraba, 9 ga Maris

Hannu ya gaji. Ka nufi gabas, babur ya ja ka arewa.

Asabar, 12 ga Maris

Sanna ta zo, 'yar Moos ɗin, mai gyaran famfon ruwa mai aiki da iska. Ta samo bututun ƙarfe biyu, irin masu riƙe da tayar gaba, a jikin wani mataccen babur a garin Williston. Na ce ba na so. Oom take kirana, wato baffa. Ta ce, "Oom Jafta, ba don kai ba, don tumakin. Sun gaji da dariya."

Muka ɗora babur ɗina a kututture, ta cire taya, ta zare tsofaffin. Man da ke cikinsu baƙi ƙirin, wari kamar mushe. Ta ciro gilashin tagar kicin ɗina, wai a kansa ake mirgina ƙarfe a ga karkata. Na hagu ya yi ta ɗingishi. Na ce ga aikin ubanki nan.

Sai ta zame robar da ke rufe da shi. Ƙarfen ya yi shuɗi, ga sawun guduma. Ta ce, "Wani ya taɓa gasa wannan ya miƙar. Ƙarfen da aka gasa ai ya mutu, Oom, dutse kaɗan zai naɗe shi."

Na ce zan duba rago.

Lahadi, 13 ga Maris

Ban je coci ba. Ciwon kai.

Talata, 15 ga Maris

To, a takarda dai. Kwana biyu kafin ya ara, na bi dila na afka ramin dabgi. Na gasa ƙarfen, na bubbuga, na mayar da roba. Ni a ganina ya gyaru. Da aka kawo Moos a bayan mota yana nishi, bakina ya riga ni, na ce shi ya lanƙwasa mini babur. Daga nan kuma ina hanyar komawa?

Sanna ta dawo ta ɗaura sababbin, ta zuba mai, ta ɗaure. Tana goge hannu ta ce, "Baba ya sani tun ranar. Roba ta zame, ya ga shuɗin yana kwance a ƙasa. Ya ce, bar Ouboet, kamar yadda yake kiranka, babban wa ne, zai faɗa da bakinsa."

Juma'a, 18 ga Maris

Gwaji na fita, ba zuwa ba. Babur ne ya miƙe har ƙofar Moos.

Ya tsufa. Kafaɗar ta sauka. Ya miƙo kofi da hannun hagu, na dama ba ya ɗagawa. Na ce, "Ramin dabgi ne." Ya ce, "Sha kafin ya huce, Ouboet." Shi ke nan.

Da zagina ya yi, da na san abin yi. Shekara goma sha biyu kana ji ina ɓata ka a coci, a kanti, a gaban 'ya'yanka, ka yi shiru. Don me? Gobe zan dawo in zauna a dakalin ƙofarka, ba zan tashi ba. Moos, sai ka amsa mini.