Ni Na Bar Layin Mama Ya Mutu

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan fari da ya sauka a kan ƙeƙasasshiyar zuciyata, matata kuma aminiyata,

Ina gaishe ki gaisuwar da na san ban cancanci ki amsa ba. Kada ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da kuke kwana ɗaki ɗaya. Sau uku ina buɗe baki zan faɗa miki abin da ke cikinta, sau uku harshena yana naɗewa, don da zarar kin ɗago idanun nan naki masu kama da wayewar gari sai jarumtata ta zube ƙasa. A shago nake rubutun nan, a kan bencin da nake fere katako, kuma abu ɗaya nake tsoro: kada ki kai ƙarshen takardar ki daina yarda da maganata.

Kin tuna lokacin da kuɗin wuta ya fara hawa kamar an kora shi? Katin da ke kai mu ƙarshen wata ya koma ƙarewa tun wata bai raba ba, kuɗin waya da na data su ma suka bi sahu. Sai na ɗaura ɗamara. Na canza ƙwayayen fitilar gidan zuwa masu ƙarancin ci, na ce guga sau ɗaya a mako, na bi soket-soket ina zare caja, fanka kuwa ba ta juyawa a ɗakin da babu kowa. Kullum da safe sai na tsaya gaban mita, hannu a ƙugu, ina harararta kamar ta ci mini amana. Ke kuwa dariya kike yi, kina kirana mai gadin mita, har kika ce, "Maigida, in ka ga hasken fuskata ya yi yawa ka faɗa mini in rage." Wayyo, wannan dariyar! Wace irin mace ce ake tsuke mata gida tana mayar da abin wasa? Ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba, ko sau ɗaya.

Abu guda kika roƙe ni ranar da na ce zan karɓi biyan komai a hannuna, na haɗe layukanmu a tsari mai rahusa. Kika riƙe hannun rigata kika ce, "Komai za ka yanke ka yanke, amma ka bar mini layin Mama." Wayar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ƙaramar nan mai madannai da suka goge, wadda kike ajiyewa a durowar da na ƙera miki da hannuna. Shekara uku kina yi mata caji, kina saka mata ɗan kati duk wata don kada kamfani ya karɓe lambar ya ba wani. Na san dalili sarai. Na sha ganinki, idan wani babban abu ya same ki, ki rufe ƙofa, ki buɗe durowar, ki kira lambar, wayar ta yi ta kuka a gabanki, sunan da Mama ta saka miki yana haskawa a fuskar wayar: Autata. Sai ta gama kukanta ki share ido ki fito ki ci gaba da aiki.

Na ce miki to. Ban cika ba.

Ya ke hasken gidana, ga gaskiyar da take cina kamar gara a cikin katako: ni na daina saka katin. Na ce a raina, matacciya me za ta yi da kuɗin kira? Mai sayar da kati ya gargaɗe ni cewa layin da aka daɗe ba a taɓa ba ƙwace shi ake yi, na ce masa sai dai a tsorata wani. Duk wata kina tambayata, "Ka saka wa Mama?" ni kuma ina cewa na saka, idona a kan naki, ko ƙiftawa ba na yi. Karatun jarrabawa ya sha miki kai, kina ta cajin wayar ba ki kira ba, kin bar sauran a hannun mijin da kika amince wa. Abin da na tara a duk watannin nan bai kai kuɗin gwangwanin fenti ɗaya ba. Garin neman gira na rasa ido.

Ranar da sakamakon jarrabawarki ta aikin jinya ya fito, aikin da Mama ta yi ta burin ta gan ki a cikin farar rigarsa, kika shigo da gudu da murnar kin ci, ko takalmi ba ki cire ba, kika jawo durowar kika danna kira. Wayar da ke cikinta shiru. Sai muryar wani namiji ta fito daga taki wayar, ga ƙarar injin a bayansa, yana cewa, "Wa ke magana?" Ni kuma, maimakon in durƙusa in faɗi laifina, sai na hau zagin kamfanin waya, har na fi ki ɗaga murya. Ina ma ƙasa ta tsage na shige!

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na ci gaba da ɓoyewa, don rashin kunyata ya kai haka. Amma mako biyu ke nan kina ɗora wa kanki laifin. Jiya ina jinki kina wanke kwanuka kina cewa, "Ni ce na yi sakaci, na shagala da karatu na manta da uwata." Sannan kika juyo kika yi mini godiya, wai ni na yi nawa. Godiyar nan ta fi mari zafi. Yaya zan ci abincin hannunki, yaya zan kwanta a gefenki, alhali kina ɗauke da kayan da ni na ɗaure? Ba ke kika manta da Mama ba, masoyiyata. Ni ne na yar da ita.

Yau da hantsi na nemi mutumin. Mai facin taya ne, dattijo, a bakin babban titi. Na roƙe shi ya sayar mini da layin ko nawa ne, ya nuna mini allon shagonsa, ga lambar Mama an rubuta da jan fenti, direbobi duk da ita suke nemansa. Ya ce, "Ɗana, abincina a jikinta yake, ba zan iya ba." Da na ba shi labarin duka, sai ya ajiye guduma. Ya karɓi lambarki ya adana, ya ce, "Ka ce mata ta kira duk ranar da ranta ya so. In na ga ita ce ba zan ɗauka ba, zan bar wayar ta yi ta kuka. Ni ma tawa uwar ta rasu." Baƙo ya gane a cikin minti biyar abin da na kasa ganewa a shekara uku.

Ban kawo miki wannan a matsayin diyya ba, na san bai kai ba. Abin da na ɓarar ba ya kwasuwa. Kafinta ne ni, duk abin da ya karye a gidanmu ina cewa ki kawo in gyara, ga shi yau na karya wanda babu ƙusa ko gam da zai kama.

Ya ke wadda numfashina ke rataye da nata, ba na roƙon ki yafe mini yau. Kin saba haɗiye fushi don gida ya zauna lafiya, wannan karon kada ki haɗiye. Abin da nake roƙo shi ne ki sauke laifin daga kanki ki mayar wa mai shi. Na yi miki alkawari, komai tsadar rayuwa, ba zan ƙara yin tattali da abin da yake naki ba, ba kuma zan ƙara ce miki na yi alhali ban yi ba. Ina nan a shago, ba zan tako gida ba sai kin ce in zo. In zagi ne ki kira ki zage ni, zan saurara har ki gaji. In kuwa shiru kika zaɓa, zan zauna a cikinsa, don ni na saya da kuɗina.

Naki ne ni, a yafe ko ba a yafe ba, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Mijinki mai laifi.