Na gano ciwon motar, sai na tarar da hannun Babana a ciki

Gwaggo mai shawara, don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da na yi ta zuba. Kwana uku ke nan murna da fargaba suna kokawa a cikina. Sai in kama murmushi ni kaɗai ina wanke-wanke, can kuma gabana ya faɗi.

Ni mace ce, shekarata talatin da ɗaya, ina da miji da 'ya'ya biyu, kuma gyaran wutar mota nake yi a garejin mahaifina. E, daidai kika karanta. Babana ya shekara arba'in yana wannan sana'a. Mai Kunne ake ce masa, don mota na sako kai ƙofar gareji zai faɗi ciwonta tun direba bai kashe ta ba. Shi ya koya mini riƙe sifana da fere waya. Bara na yi kwas na wata shida, na dawo da na'urar binciken mota, wadda mutane ke ce wa kwamfuta. Baba ya kalle ta a ɗage, ya raɗa mata suna Magulmaciya, wai ba ta da aiki sai kai ƙarar motocin mutane.

Ranar Litinin Baba ya tafi asibitin ido, sai ga Malama ta kawo motarta. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ta fi shekara ashirin ba ta yarda kowa ya taɓa mata mota sai Baba. Kukanta ɗaya ne: hon ba ya yi sai in ta karya sitiyari, in ta miƙe hanya kuwa ko ta hau kansa ta zauna, shiru. Na ce ta bar mini.

Na shiga na murɗa makulli ban tayar da inji ba, ina danna hon ina saurare. A nan ne idona ya sauka kan fitilar jakar iska, wato balan-balan ɗin nan da ke fitowa daga sitiyari ya tare ƙirjin direba in an yi karo. Ƙa'idar fitilar ita ce, da kin murɗa makulli ta kama, motar ta binciki kanta kamar daƙiƙa shida ko bakwai, in komai lafiya ta mutu da kanta, ko kin tayar da inji ko ba ki tayar ba. To, ni na ƙirga bakwai tana nan. Ashirin tana nan. Har minti guda tana kallona ina kallonta. Ina tayar da inji kuwa ta mutu, lokaci guda da fitilar man inji, kamar an haɗa su da igiya. Sau biyar ina maimaitawa. Gwaggo, na ce yau akwai magana!

Na jona Magulmaciya, ta ce hanyar wutar da ke zuwa jakar direba a yanke take. Ba ta ce ga wurin ba, wannan kam aikin kanki ne. Na cire kan batir, na zauna na ba ta minti goma sha biyar wutar da ta saura ta huce, don jakar nan ba a yi mata gaggawa. Na fara da abu mai sauƙi, soket masu ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin kujeru, waɗanda kan saki in ana yawan tura kujera. Na tsinci mataji, da takalmin jikanta ƙafa ɗaya, da jan biro har huɗu, amma soket garau suke. Ina durƙushe a wurin ne abin ya faɗo mini: ai hon da jakar direba hanyarsu ɗaya! Duka suna bi ta wata waya mai faɗi da ke nannaɗe a bayan sitiyari kamar tef ɗin tela, tana warwaruwa tana naɗuwa in ana juya shi. Na cire jakar a hankali, na ajiye ta a benci fuskarta na kallon sama, ban kai mata mitar gwajin wuta ba don hakan na iya tayar da ita. Na buɗe bayan sitiyari. Ga wayar nan ta tsattsage, zaren jakar ya rabu gida biyu, na hon ya rage da ƙyar.

Wallahi ban san sanda na yi ihu ba. Na taka rawa a tsakiyar gareji da sukudireba a hannu, har mai facin tayar da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo a guje, ya zaci wuta ce ta ja ni. Ba wanda ya nuna mini, ba wanda na kira a waya. Ni na bi sawun ciwon har raminsa.

Sai dai tambaya ɗaya ta hana ni sakat: me ya sa fitilar take mutuwa alhali ga ciwo? Na kwance allon mita, inda fitilun suke, na juya bayansa. An yanke wayar fitilar jakar, an ɗaura ta da ta fitilar man inji, don ta riƙa mutuwa in an tayar da mota, kowa ya zaci lafiya lau. Kuma an naɗe wurin da shuɗin salatif, an lanƙwashe bakinsa ya yi ɗan kunne. Gwaggo, mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan naɗi. Shi ya koya mini, yana cewa a bar wa mai zuwa daga baya wurin kamawa.

Na san ba mugunta ba ce. A zamaninsa motoci ba su da wannan fitila, shi a ganinsa surutu kawai take yi, kuma na sha jin mutane suna roƙonsa ya kashe musu ita, yana ce musu an gama, ban taɓa kawo komai a raina ba. Amma da na bugi cikin Malama daga baya, ta ce shekara biyu ke nan da ya yi mata maganin fitilar. Shekara biyu tana bin babban titi kullum tana kai jikoki makaranta, ta saki jiki da kariyar da babu ita.

Na sa sabuwar waya, na mayar da fitila kan hanyarta, na share ƙarar da Magulmaciya ta kai. Yanzu tana kamawa, ina ƙirga bakwai ta mutu, abin gwanin sha'awa, na kalla ya fi sau goma. Makullin yana aljihuna, na ce wa Malama sai Asabar. Maigidana ya ce tunda na gyara in ja bakina in yi shiru, ba a tona asirin tsoho. Idon Baba yana ja baya, masu kawo masa mota suna raguwa, sunan nan na Mai Kunne shi ne abin da ya rage masa. Ga kuma abin da nake jin kunyar faɗa: ina so ya gani. Ina so ya duba aikin nan ya ce, Uwata, kin iya, domin da wannan sunan yake kirana. Shin girman kai ne ke damuna? In yi shiru ko in faɗa?

Taki,
'Yar Mai Kunne

*

'Yata,

Bari in fara da abin da kike jin kunyar nema: kin iya. Na karanta wasiƙarki ina dariya ina jinjina kai, ni da ko murfin inji ban san ta inda ake buɗe shi ba. Kin lura da abin da ido dubu ya wuce, kin bi shi a natse, ba ki yi ganganci ba. Son uba ya yaba wa 'yarsa ba girman kai ba ne, kowa na da wannan ƙishirwa. Ki yi rawarki.

Maigidanki ma yana da gaskiyarsa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gina suna ba a rusa masa shi a gaban jama'a, balle daga bakin 'yar cikinsa. Da a ce motar Malama ce kaɗai, da wataƙila na tsaya ina auna maganarsa.

Amma ki koma ki karanta wasiƙarki. Akwai layin da kika rubuta kika wuce da sauri: kin sha jin mutane suna roƙonsa ya kashe musu fitilar. Su nawa ne? Suna ina yanzu? Motar Malama ta warke, sauran suna kan titi a wannan sa'ar, masu su sun saki jiki. Magulmaciya ba za ta nemo miki su ba. Mutum ɗaya ne ya san su, shi ne mahaifinki. Don haka shiru ya fita daga cikin zaɓinki.

Ga yadda nake gani. Kafin Asabar, ki nemi lokacin da gareji ba kowa, daga ke sai shi. Kada ki fara da salatif. Ki zaunar da shi a kujerar direba, ki ba shi makulli ya murɗa, ku ƙirga tare har fitilar ta mutu. Ki ɗora masa tsohuwar wayar a tafin hannu ya shafa inda ta tsage, tunda ido ya yi rauni amma yatsu ba su manta ba. Ki gaya masa abin da fitilar take ƙoƙarin faɗa duk shekarun nan. Mai sana'a irinsa ba sai kin kai ƙarshen zance ba. In ya yi fushi ko ya yi gum, ki ba shi kwana ɗaya, kada ki bi shi da hujja, kada kuma ki janye.

Malama tana da haƙƙin sanin cewa jakarta ta daɗe ba ta aiki, kuma yanzu an gyara. Ki ba Baba dama ya faɗa mata da bakinsa, ya fi masa mutunci. In ya kasa, ke ki faɗa, a taƙaice, ba tare da kin kushe shi ba. Sauran kuma ku kira su ɗaya bayan ɗaya su kawo a duba, a mayar da kowace fitila kan aikinta. Mai gyaran da ya kira ka ya ce dawo, na gano kuskurena, ba ya rasa suna. Irinsa ake nuna wa 'yan uwa.

Kada ki je wurinsa kina jiran yabo a ranar, zai iya makara. Ki je da abin da ya koya miki. Shi ya lanƙwashe bakin salatif ɗin nan don mai zuwa daga baya ya sami wurin kamawa, sai Allah ya sa 'yarsa ce ta zo. Ki kama ki warware, ki bar shi ya riƙe miki ɗaya bakin.

Allah ya ƙara wa Baba lafiyar ido, ya sa albarka a hannunki, ya kai masu motocin nan gida lafiya har ku same su.

Gwaggonki