Ƙofa a Gefen Sarki

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Hannun daman ya fara motsi kuwa? Allah Ya ƙara sauƙi. Ina gaida 'yarmu Likita, wadda na san ita ke karanta maka wannan, da maigidanta da yara.

Kada ka ga na daina kira a waya. In na ji kana kokawa da magana ta ƙi fita, ranar ko abinci ba na iya ci. Gara takarda.

Tun da Likita ta ɗauke ka zuwa gidanta, yamma ta zame min aiki. In na tashi daga ɗakin magani na hau bene, abin da nake fara gani shi ne allon ces, darar nan ta Turawa, a teburin bakin taga, da kujerarka. Na gwada wasa ni kaɗai, in tura a gefenka in zagayo nawa, sai na ga abin ya fara kama da taɓin hankali. Don haka na shiga kulob ɗin da ke haɗuwa ranar Asabar a ɗakin baya na laburare. Fanka na ƙara, kowa ya dafe kai, ba mai ce wa wani sannu.

Akwai gasa nan gaba. Koci, wato mai koyar da mu, wani dogo mai gilashi, ya ce duk mai son shiga sai ya zaɓi buɗinsa, wato yadda zai riƙa fara wasa, in da farare yake ko da baƙaƙe. Wai a ɗauki wanda ya dace da halin mutum, kada a haddace abin da ba a gane ba. Na ce masa ni da nawa buɗin tun yana rarrafe. Ai ka san bakina.

Ka riƙa shan magani ba gardama. Ina kewarka ƙwarai.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, da fatan kowa lafiya, ka sani fushi nake da kai. Likita, ki karanta masa duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Ranar Asabar na zauna da wata mata da ake kira Lauya, ita ke da farare. Ta tura sojan gaban sarki, na tura nawa. Ta fito da doki tana neman sojan nan nawa, sai na yi abin da na saba yi maka: na tura sojan da ke gefen sarkina na kare shi. Ta ɗago ta dube ni kamar na sa takalmi a juye. Sai kawai ta cinye sojan tsakiyar da dokinta, ta bar min dokin a banza. Na cafke ina murna. Ashe ƙofa na buɗe da hannuna! Sarauniyarta ta faɗo ta nan, kafin shayina ya huce an gama da ni. Na koma kan wani da ake kira Injiniya, shi ma haka ya yi min. Koci ya ce duk wanda ya san ces ba ya ganin wannan ƙofa ya wuce, in jefar da buɗin nan in ina son gasa.

To kai fa? Kai da ka ciyo kofi kana jami'a? Shekara da shekaru ina buɗe maka ƙofar nan, kai kuwa sai ka sosa gemu, ka tura wani soja can gefe, mu yi ta ja har a kunna fitila. Ashe duk cin da na yi maka, ina tafi ina yi maka gwalo, kyauta ce? Haba Yaya. Ba ni da miji, ba ni da ɗa, abin taƙamata ɗaya shi ne ina iya doke ka. Ranar a ƙafa na dawo gida don kada a ga idona a bas.

Ina so in sani, lallashina kake yi, ko kai ma ba ka taɓa ganin ƙofar ba? Likita, don Allah ki jera masa allo, ki kai wasan daidai wurin da na faɗa, ki ga abin da zai yi.

Duk da haka ina yi maka addu'a.

Ƙanwarka mai fushi,
Auta


Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Ina gaisuwa da fatan ka tashi da sauƙi, kuma yara ba sa damunka da hayaniya.

An yi gasa. Koci ya zaɓa min wani buɗi da ake kulle gida a jira, wai ya dace da masu taurin kai. Na koye shi a teburin taga, ina maimaitawa da ƙarfi don ɗakin ya ji murya. Na ci wasu, an ci ni a wasu, Lauya ma sai da ta yi gumi kafin mu tashi kunnen doki. Na fito ina ta murna har bakin titi, sai na tsaya, don ban san wa zan gaya wa ba.

Jiya Likita ta kira ni ina wurin aiki. Ta ce ta ɗora allon a kan faranti bisa cinyarka, ta kai wasan wurin. Hannunka na hagu ya tafi kai tsaye kan dokin, ka ɗaga shi, ka riƙe shi a kan sojan nan nawa. Sai ka mai da shi gidansa, ka sosa gemu, ka tura sojan gefe. Ta ce ba ta ga ka yi murmushi irin wannan ba tun da ka kwanta.

Da a kulob ne da an kama ka, don can duk abin da ka taɓa a allo dole shi za ka tura. Ni dai na shige bayan kanta na yi kuka, mai jiran magani yana ta ƙwanƙwasa gilashi. Da ka ba da dokin nan, da kullum wasan ya ƙare tun rana na sama, ka sauka bene ka tafi, in zauna kamar yadda nake zaune yanzu.

Na nemi hutu, ina nan tafe. Da na yi niyyar ce maka ka daina tausayina, ka buga min na gaskiya, amma na fasa. Sabon buɗin na mutanen kulob ne. In na zo, tsohon zan yi maka. Zan buɗe ƙofar, kai kuma ka yi kamar ba ka gani ba.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarka,
Auta